Jawabin Ƙaddamar da Littafi a kan Adabin Yidish da Marubutansa

 

Littafin da ya tara mu yau ya ɗauko labarin wata al'umma wadda ƙasa da addini suka nisanta mu da ita, wato Yahudawan Gabashin Turai masu harshen Yidish, wanda ya tsiro daga Jamusancin dā amma ake rubuta shi da haruffan Ibrananci, kamar yadda magabatanmu suka ɗauki haruffan Larabci suka rubuta Hausa da ajami. Tun a 1272 aka rubuta wata jimla da shi cikin littafin addu'a na garin Worms, kuma gab da Yaƙin Duniya na Biyu masu magana da shi sun kai kimanin miliyan 11. Wanda ya tambayi abin da ya haɗa mu da su, jawabina gare shi shi ne, shari'ar da muke bi ba ta yi mana izinin duba nasabar wanda aka zalunta kafin mu kira zaluncin da sunansa ba.

Sa'ad da rundunar Hitler ta mamaye Vilna a 1941, birnin da aka kafa cibiyar nazari ta YIVO a 1925, sai aka tilasta wa malaman Yahudawa su tace littattafansu da hannunsu, kaɗan a aika Jamus, saura a kai ma'aikatar takarda a niƙe. Amma mawaƙa Abraham Sutzkever da Shmerke Kaczerginski da abokan aikinsu suka riƙa cusa rubuce-rubuce cikin tufafinsu, suna ratsa ƙofar unguwar da aka tsare jama'arsu, suna binnewa, alhali kuwa sun tabbata wanda aka kama ya gama yawo. Bayan yaƙi, da hukumar Sobiyet ta nufi halaka abin da ya tsira, wani ma'aikacin ɗakin karatu, Antanas Ulpis, wanda ba Bayahude ba ne, ya ɓoye shi cikin wata majami'a, har a 2017 aka sake gano shafuka kusan 170,000.

Takardu sun sami masu ɓoye su, marubutan Yidish na Mosko ba su samu ba. Mutane ne da Stalin ya tara cikin kwamitin Yahudawa na yaƙi da farkisanci, suka yi masa hidima da alƙalumansu lokacin da Jamus ke bakin ƙofarsa, har Itzik Feffer ya tafi Amurka a 1943 yana nemo wa ƙasarsa gudummawa. Da buƙata ta ƙare, sai hidimar nan ta zama hujjar tuhumarsu da cin amana. Aka kama su, aka azabtar da su, aka yi musu shari'a a asirce, kuma ranar 12 ga Agusta 1952 aka harbe mutum 13 a kurkukun Lubyanka. Biyar daga cikinsu marubutan Yidish ne, kuma haƙƙinsu ne a ambace su a wannan majalisa: Peretz Markish, David Hofshteyn, Itzik Feffer, Leib Kvitko mai yi wa yara waƙa, da David Bergelson, wanda a ranar ce ya cika shekara 68 da haihuwa. Iyalansu ba su ji tabbacin rasuwarsu ba sai a 1955, bayan Stalin ya mutu.

Abin da ya fi ba ni tsoro, ya jama'a, shi ne asarar da ba azzalumi ne ya jawo ta ba. A Amurka, jikokin da ba su iya karatun harshen ba suka riƙa zubar da littattafan kakanninsu a juji, har wani ɗalibi, Aaron Lansky, ya tashi a 1980 yana bin gidajen tsofaffi yana karɓa. Masana sun ƙiyasta masa cewa littattafan da suka saura 70,000 ne. Cibiyarsa ta garin Amherst kuwa ta tara fiye da miliyan ɗaya.

Wannan tarihi marubucinmu ya yi haƙurin tattarawa da Hausa, Allah Ya saka masa da alheri, Ya albarkaci aikinsa. Ina roƙon babban mai ƙaddamarwa ya taso ya buɗe mana littafin.