Rigar tasa ce, bayan nawa ne



Ina gaida dattawan da ke zaune a gaba, ina gaida iyayenmu mata, da ku samari da ƴan mata da kuka baro fada da shayi kuka zo. Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama na 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya. Na kuma gode wa samari huɗun nan da suka ɗaga ni da kekena suka hau da ni matakala uku na ƙofar ɗakin nan. Ku riƙe matakalan nan a ranku, za mu dawo kansu.

Da yawa cikinku kun taɓa ganina ba ku sani ba. In kun taɓa kallon fim ɗin Hausa inda jarumi ya diro daga kan katanga, ko ya faɗo daga kan doki ana tsakiyar sukuwa, ko babur ya kwashe shi ya yi ta mirgina cikin ƙura, kamara kuma ba ta nuna fuskarsa ba sai da ya miƙe yana kakkaɓe riga, to mai yiwuwa ni ne. Rigar tasa ce, hular tasa ce, bayan da ya bugu da ƙasa nawa ne. Masu jin Faransanci kaskadar suke ce wa mai irin aikina. A wurin ɗaukar fim kuwa ba mu da suna, sai dai ka ji an ce, "Ina yaron nan mai faɗuwa?"

Nan Dakoro aka haife ni. Doki na fara hawa tun ban iya ɗaura wando da kyau ba, daga baya na sauka Maraɗi na kama kabu-kabu. Ranar rakiyar amarya ni ne a gaba, ina ɗaga tayar gaba, ina tsayawa kan sirdin babur, ƴan mata na guɗa. A irin wannan rakiya wani mai shirya fim ya gan ni. Ya ce, "Kana iya faɗuwa da gangan ka tashi?" Na ce, "Mi zai hana?" Ranar farko ya ba ni jika biyar, abin da nake kwana biyu ina zagaya gari ban samu ba. Daga nan na bi su Maraɗi, Katsina, har Kano.

Bari in faɗa muku yadda aikin yake, don waɗansu na zaton ganganci ne zalla. Faɗuwa ilimi ce. Kana koyon sauka da kafaɗa ka mirgina, ka tanƙwashe haɓa zuwa ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ka saki jiki a daidai lokacin da tsoro ke ce maka ka ƙanƙame. Ana jera kwalaye babu komai ciki a bayan katanga, a ɗora katifa bisa. Ana tone wurin saukar a zuba yashi mai laushi. Ana auna gudu, a gwada a hankali sau da yawa kafin a kunna kamara. In an bi wannan tsari, abin da ke sa mai kallo ya dafe ƙirji, mu wajenmu lissafi ne. Matsalar ita ce tsarin yana cin lokaci, lokaci kuma kuɗi ne, mu kuwa fim ɗinmu na ƙaramin jari ne.

Ranar da abin ya faru, mun riga mun ɗauki tsallen sau biyu. Babur ne zai hau wani katako ya tsallake rami. Rana ta kusa faɗuwa, aka ce hoton bai fita ba, a ƙara sau ɗaya. Na ga katakon ya ɗan goce daga inda muka kafa shi. Na gani da idona. Sai dai kowa ya gaji, jarumi na cikin mota yana jira, ni kuma ba na son a ce yaron Dakoro ya ji tsoro. Na hau. Katakon ya zame, babur ya juya a sama, na sauka da tsakiyar baya a bakin ramin.

Ƴan uwana, in za ku manta duk jawabina, kada ku manta wannan wurin. Lokacin da nake kwance a ƙasa, ina jin ƙafafuna. Suna yi mini kamar ana tsira allura, amma ina jin su, har na motsa babban yatsa. Sai mutane suka rugo, mutanen kirki masu son ceto na. Wani ya kama hannuwa, wani ya kama ƙafafu, ana cewa "ku kama mu tai, ku kama mu tai", aka naɗe ni kamar tabarma aka cusa a kujerar bayan mota. Aka bi hanya mai gargada da ni. Ko da muka isa likita, daga cibiya zuwa ƙasa babu ni.

Likitan da ya duba hoton bayana ya yi mini bayani a kan takarda. Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne, ƙananan ƙasusuwa ne a jere: bakwai a wuya, goma sha biyu a bayan ƙirji, biyar a ƙugu, sai na ƙasa da suka manne da juna. Ta tsakiyarsu laka ta ratsa, ita ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa, da mafitsara, da hanji. Ƙashi in ya karye yana ɗoruwa. Laka in ta tsinke, har yau babu likitan da ke iya haɗa ta, ko a Faransa ko a Amurka. Ya ce ba zai rantse ba, amma karyayyen ƙashin da aka lanƙwasa a cikin mota yana iya ƙarasa abin da faɗuwa ta fara. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Da ni ne a tsaye wani a kwance, haka zan yi, don ba wanda ya taɓa koya mana.

To yau zan koya muku. In kuka tarar da wanda ya faɗo daga babur, ko doki, ko saman gini, yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, kada ku ɗaga shi, kada ku zaunar da shi, kada ku ja ƙafar wai ku miƙe ta. In da hular kwano a kansa ku bar ta. Kada ku ɗura masa ruwa. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan da hannu biyu, daidai da jiki, yana yi masa magana. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ko motar likita. In wuri ne da babu mai zuwa, ku ciro ƙyauren ɗaki ko faffaɗan katako, mutum huɗu ko biyar su juya shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu su tafi tare, a ɗaure shi da rawani ko zane, a sa shi a motar da zai kwanta a miƙe. Minti goma da za ku ɓata neman ƙyaure sun fi saurin da zai zaunar da mutum har ƙarshen ransa.

Masu fim ɗin sun zo duba ni sau biyu. Sun biya kuɗin hoto da maganin makon farko, daga nan waya ta daina shiga. Ba ni da takarda ko ɗaya da ke cewa aiki nake yi musu. Asusun CNSS yana biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, amma sai wanda mai aikin ya rubuta sunansa, ni kuwa ko a jerin sunayen ƙarshen fim ban taɓa fitowa ba. Fim ɗin ya fita. Sun sa tsallen da na yi na biyu. An ce mini a gidan kallo har tafi aka yi wa jarumin.

Aka maido ni Dakoro, ɗakin tsohuwata. An kai ni wurin mai ɗori, an yi rubutu, an yi turare, an sayar da tumaki biyu da gonar gado. Abin da ya kusa kashe ni kuwa ba wanda ya ambace shi: gyambon kwanciya. Wanda ba ya jin jikinsa ba ya sanin fata ta gaji da tabarma. Wurin zai yi ja, ya yi baƙi, ya buɗe har ƙashi. Sai ciwon fitsari, saboda robar da ake sa mini ba a canza ta a kan lokaci. Wani ma'aikacin lafiya ne, Allah ya saka masa, ya zaunar da tsohuwa ya ce a riƙa juya ni duk awa biyu, dare da rana, a duba fatar kowace safiya, in sha ruwa da yawa. Tsohuwa ba ta da agogo. Da kiran salla da carar zakara ta riƙa auna lokaci, kusan shekara guda ba ta yi barcin kirki ba.

Daga baya na gano wannan ilimin ya girmi tsohuwar tawa. A 1944 wani likita mai suna Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, a zamanin da ake ɗaukar irinmu matattu ne masu jiran rana. Ya dage a kan juya majiyyaci, da tsabtar mafitsara, da motsa jiki. A 1948 ya shirya wa majiyyatansa gasar harbin baka suna kan keke, gasar da ta girma ta zama wasannin naƙasassu na duniya da aka yi a birnin Rum a 1960. Abin da aka sani shekara tamanin da suka wuce, mu sai da gyambo ya ci ni muka ji shi.

Shekara biyu ban fita ƙofar gida ba. Ba ciwo ne ya hana ni ba, kunya ce. Wanda ya saba tsayawa kan sirdi ana guɗa, yau ƙanensa ke ɗauke masa fo. Abokan fada suka zo wata na farko, suka ragu, suka ɗauke ƙafa. Ban ga laifinsu sosai ba, ba su san abin da za su ce mini ba, ni ma bango nake juya wa fuska. Na lura da wani abu a ɗakin nan: a fim an ɓoye fuskata don kada a gane ba jarumin ba ne, a gida kuma an sakaya ni don kada a ga abin tausayi. Duk biyun da yardata aka yi.

Wanda ya fito da ni wani mai walda ne da shan inna ta kama tun yana yaro. Ya shigo da rarrafe har bakin gadona, bai ce mini sannu ba. Ya ce, "An ce ka san babur. Nawa ya ƙi tashi." Na ce a kawo kaburetan. A kan cinyata na kwance shi na wanke, babur ya tashi. Shi ya ƙera mini keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, ya sa masa faffaɗar taya, don keken asibiti ba ya tafiya taku biyar a yashin Dakoro. Yau ina da rumfar gyaran babur. An yi mini teburi daidai ƙirjina, yara biyu na koyon aiki a hannuna, su ke sauke inji, ni nake buɗe shi. Na yi aure bara waccan. Har yanzu akwai daren da ƙafafun da ba na ji suke yi mini zafi kamar wuta, akwai ranar da ciki ke ba ni kunya a gaban mutane. Ban warke ba, amma ina raye, ina ci da gumina.

Wani yaro a rumfa ne ya nuna mini labarin David Holmes a wayarsa. Shi ne ke yi wa Daniel Radcliffe faɗuwa a finafinan Harry Potter tun daga na farko. A watan Janairun 2009, ana gwajin wata fitowa a Leavesden kusa da Landan, igiyar da ke fizgar sa baya ta maka shi da bango, wuyansa ya karye, ya shanye daga ƙirji zuwa ƙasa. Kun ga ko inda ake da kuɗi da kayan aiki abin na faruwa. Bambancin shi ne abin da ya biyo baya. An kai shi asibitin da ya ƙware a kan laka, jarumin da yake yi wa aiki bai guje shi ba, a 2023 ma tare suka fitar da fim a kan rayuwarsa, da sunansa da fuskarsa. Duk da haka, sai a watan Afrilun 2025 masu kyautar Oscar suka amince su ware wa masu wannan sana'a kyauta tasu, za a fara bayarwa a 2028, a biki na ɗari. In su sun yi kusan shekara ɗari kafin su ga mai faɗuwa, mu kada mu jira a gan mu, mu yi magana.

Ga abin da nake roƙo. Ku masu shirya fim da masu ɗaukar bidiyon waƙa, daga Maraɗi har Kano: duk wanda za ku sa ya yi abin da jarumi ke tsoro, ku rubuta takarda da shi, a faɗi wanda zai biya magani in an ji rauni, a ajiye mota da katako a wurin, a sa sunansa a ƙarshen fim. In ya ce katakon ya goce, a tsaya, ko rana ta faɗi.

Ku samarin da ke ɗaga tayar gaba don TikTok, ba zan ce muku ku bari ba, na san daɗin abin, ba za ku ji ni ba. Ku sa hular kwano, ku bar titin da mutane ke bi, kada ku ɗauki kowa a baya. Ku kuma tambayi kanku wa zai juya ku duk awa biyu.

Ku ƴan ƙungiya masu boko, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, akwai kuma dokar ƙasa ta 2019 a kan shigar da mu cikin al'umma. Takarda ba ta hawa matakala. Ku zagaya Dakoro da littafi, ku ƙirga makarantu da ofisoshi da masallatai da wuraren shan magani da keke ke iya shiga, ku kai wa magajin gari lissafin. Ku fara da ƙofar ɗakin nan. Buhun siminti biyu da yashi sun isa, yashi kuwa ba mu rasa shi ba. Ni zan kawo buhu ɗaya.

Na ƙarshe, kusan kowace unguwa akwai wani a kwance a ƙuryar ɗaki, wanda babur ko rijiya ko faɗowa daga mota ranar kasuwa ta zaunar. Kun san gidan. Ku je, amma kada ku tsaya a "sannu, Allah ya ba da lafiya". Ku kai masa rediyon da ta lalace, ko lissafin da ya rikice, ko gardamar kokowa da kuka kasa rabawa. Ku ɗauki butar shayinku ku kafa fada a ƙofar ɗakinsa.

Samarin nan huɗu, kada ku yi nisa, da sauran aikinku wajen sauka. Allah ya sa baɗi da kaina zan shigo.