Motar waya da aka taka: jawabina a taronmu na ranar Asabar

 

An ce in yi magana kan yara da basirar ƙirƙira. To, ba zan fara da manyan kalmomi ba, zan fara da laifin kaina.

Lokacin da nake CE2 a nan Maraɗi, ni ne shugaban aji. Mun haura tamanin a ɗaki guda, kuma aikina shi ne rubuta sunan duk wanda ya yi surutu ko ya yi Hausa. Akwai wani yaro da muke zama tebur ɗaya. Dikte kullum sifili yake samu. Amma hannunsa, wallahi, ban taɓa ganin irinsa ba. Da waya da gwangwanin tumatir da tsohon silifa yake haɗa mota, sitiyarinta na juya tayoyin gaba. Wata rana ya zo da wadda ya sa wa fitila, da batirin rediyo da ƴar kwan tocila. Yana nuna mana a ƙarƙashin tebur, yana bayani da Hausa, ni kuma na rubuta sunansa. Mushe ya karɓi motar, ya ajiye ta ƙasa, ya taka ta gaban kowa, ya rataya masa sambol a wuya. Ƙannenmu da ba su san sambol ba, wani ƙashi ne ko guntun itace da ake rataya wa yaron da ya yi yarensa a lakwal, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani.

Yaron nan bai kai CM2 ba. Ni na wuce, na samu BEPC, na samu BAC, na gama jami'a. Bara da fanon solar gidanmu ya daina caji, na rasa ta inda zan fara. Wa aka kira? Shi. Cikin rabin awa ya gano matsalar, ya gyara, ya ƙi karɓar ko dala. Da zai tafi ya yi dariya ya ce: "Shugaba, yau ba za ka rubuta sunana ba?" Na yi dariya ni ma, amma daren nan ban yi barcin kirki ba. Abin da ya tsaya mini shi ne: in da lakwal ta riƙe wannan yaro, yau ina zai kai?

Abin da nake so mu tafi da shi yau guda ne. Yaranmu ba su rasa basira ba, da ita suke zuwa lakwal. Ku leƙa kowane lungu a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai: motar kara, ƙwallon tsumma, ƴar tsana, gidan laka, waƙar gaɗa da yarinya ke ƙara wa baiti nan take. Mu ne muke kashe abin nan a hankali, ta hanyoyi uku: muna hana tambaya, muna dukan kuskure, muna rufe bakin yaro da harshen da bai sani ba.

Ku duba yadda yaro ɗan shekara 7 ke shiga CI. A gida baki gare shi kamar rediyo, tambaya ba ta ƙarewa. Ya shiga aji, sai a ce komai da Faransanci. Ba ya iya tambaya, ba ya iya gardama, ba ya iya cewa "ni ga yadda na gani". Me ya rage masa? Hadda. Mushe ya faɗa, aji ya maimaita, a kwafa a kaye, ranar jarrabawa a amayar. Wanda ya fi maimaitawa shi ne na ɗaya. Ni ne shaida, don da haka na riƙa zuwa na ɗaya.

Kuma wannan magana ba yau aka fara ta ba a ƙasar nan. Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa, masanin kimiyya da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana, tun 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka. A ciki ya soki makarantar da Turawan mulkin mallaka suka bar mana, ya nemi a koyar da yara da harsunansu, a haɗa karatu da aikin hannu da rayuwar jama'a. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo. Shekara hamsin ke nan da wani abu, amma galibin ƙannenmu har yau da baƙon harshe suke fara a, b, c. Yanzu da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, tambayarmu ita ce: yaushe abin zai sauka daga takarda ya shiga aji? Kuma abin da muke nema wa ɗan Hausa, shi muke nema wa ɗan Zabarma, da ɗan Fulani, da ɗan Buzu, da ɗan Barebari: kowane yaro ya fara tunani da harshen da ya sha a nono. Faransanci da Ingilishi a koye su, a ƙware, ba mu ce a'a ba.

Wani zai ce, wasan yara me zai haifar? To ku tuna da Moustapha Alassane. Makanike ne, mai son zane, ya koyi sa hotuna motsi. Ya zama ɗaya daga cikin na farko a Afirka da suka yi fim ɗin zane mai motsi. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, inda ya yi amfani da kwaɗi ya yi wa shugabanni shaguɓe. Ya zauna Tawa shekaru da dama, ya rasu a 2015, kuma har ƙasashen waje ana nuna aikinsa. Irinsa nawa muka kora daga aji da sunan "ba ya ja"?

Kada a ce na zo zagin malamai. Malamin da ke fuskantar yara tamanin a ajin zana, da yawa ƴan kwantaragi, ba littafi, ga tsarin karatu da dole ya ƙare kafin hutu, in ya ɗauki bulala ba don mugunta ba ne kullum, gajiya ce. Shi ma haka aka koyar da shi. Hakkin hukuma ne ta gina azuzuwa, ta horar da malamai, ta biya su kan lokaci, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma akwai abin da ba ya jiran kasafin kuɗi.

Na farko, a gida. Watan jiya ɗiyar yayata, shekararta 6, ta tambaye ni: "Kawu, don me wata yake bin mu in muna tafiya?" Ina kallon waya, na ce ta yi mini shiru. Sai da ta juya na gane na sake rubuta sunan wani. Na kira ta na ce: "Ke me kike gani?" Ta ba ni amsa uku, duk ba daidai ba, amma duk da tunani a ciki. Sannan muka fita waje muka gwada tare. In ba ka san amsa ba, ce ba ka sani ba, ku nema tare. Ba abin kunya ba ne.

Na biyu, ku daina zubar da "tarkacen" yara. Kwali guda a kusurwar ɗaki, a zuba murafun kwalba, waya, tsumma, kara. Ba ya cin ko jika ɗaya. Kuma ƴan mata ma a ba su. Yarinyar da ta tashi daga lakwal zuwa talla, daga talla zuwa wanke-wanke, yaushe za ta zauna ta ƙera wani abu?

Na uku, tatsuniya. Ku ba su ta Gizo da Ƙoƙi, ku tsaya a tsakiya, ku ce su ƙarasa. Ku ce su ƙago kacici-kacicinsu. Za ku sha mamaki.

Na huɗu, malamai, muna roƙo: minti goma a mako, yara su yi tambaya, ba duka, ba dariya. Kuma a buɗe ƙofar lakwal ga masu sana'a. Muna da maƙera, muna da dukawan Damagaram, muna da masu ginin tukwane na Mirya. Mai gini ya san kusurwa, maɗinki ya san awo. Yaro ya ga lissafi a hannun mutum, ba a allo kaɗai ba.

Na biyar, mu matasa. Da yawanmu mun gama karatu muna zaman fada, shayi na ɗaya, na biyu, na uku. Awa ɗaya ranar Asabar, kowa ya tara yara goma na unguwarsu, da izinin iyayensu, a zana, a ƙera, a yi wasan kwaikwayo. Ni na fara a ƙofar gidanmu mako uku ke nan. Kuma kun san wanda ke koya musu haɗa fitila da batir? Abokin nan nawa. Yara suna kiransa Mushe.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa ya yi hattara kada ya karya. Kafin mu watse, takarda tana zagayawa: duk wanda zai iya ba da awa ɗaya, ya rubuta sunansa da unguwarsa. Wannan karon rubuta suna alheri ne.

Allah ya raya mana yaranmu, ya yi musu albarka.