Jawabi a kan Aji Huɗu na Elementare

 Maganar yau a kan aji huɗu na Elementare ta ke, watau shekarar ƙarshe, domin ta wannan ƙofa ƙananan ma'aikata da yawa suka shigo aiki.

Tun 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Cikin shekarun 1930 tsari ya zauna: shekara huɗu a Elementare, sa'an nan Midil. A zamanin nan Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na Sarkin Kano, saboda haka yaron da aka zaɓa sai ya ɗauki akwatinsa ya nufi Midil ta Kano, wadda yanzu a ke kira Kwalejin Rumfa.

A aji ɗaya da biyu yaro bin bakin malam ya ke yi. A aji huɗu kuwa sai a sake shi ya tsaya da ƙafarsa. Da Hausa a ke karatun duka, Turanci sai a Midil. Yakan rubuta wasiƙa da kansa, ya karanta Magana Jari Ce ba gargada, ya yi lissafin kuɗi, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, irinsa a kan kira zaure ya karanta wa dattawa labarin duniya. A makaranta kuma a kan ba shi kula da ƙanana, nan a ke gane mai haƙuri da mai zalunci.

Ƙarshen shekara a yi jarrabawa. Wuri a Midil kaɗan ne, masu nema da yawa. Waɗanda ba su samu ba, waɗansu su koma gona, waɗansu su zama malaman dagatai, ko na kasuwa, ko na daji. To, a nan ne nauyin ya ke. Yaron da jiya ya ke lissafi a kan allo, yau shi ke rubuta sunayen masu haraji da rasit ɗinsu. In ya ƙara sule ɗaya bisa kuskure ko bisa son zuciya, akuyar wani talaka za a kai kasuwa, talakan kuwa ba ya iya karanta takardar balle ya yi gardama. Shi ya sa malamin kirki ya fi tsananta wa ɗan aji huɗu a kan gaskiya bisa kyan rubutu.

An rushe En'e a 1976, shekarar da aka buɗe firamare kyauta ga kowa. A 1991 aka yi Jihar Jigawa, gundumomin nan biyu suna cikinta. Aji shida na firamare shi ya gaji aji huɗu, amma icce har yanzu tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Iyaye kada su cire ɗa ko 'ya a wannan shekara saboda gona ko talla. Malamai kuma su duba halin yaro kamar yadda su ke duba littafinsa, gama gobe alƙalamin jama'a a hannunsa zai kasance.

Allah ya jiƙan magabata, ya shirya na baya, amin.