Jawabi Kan Kai Murhu Ɗakin Kwana Lokacin Sanyi a Guangzhou

 

Maganarmu ta yau kan 'ya'yanmu ce masu fatauci a Guangzhou, mazauna Xiaobei da Sanyuanli. Wasu na ɗauka kudancin Sin ba a sanyi. Ana yi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyi mai danshi mai ratsa ƙashi. A Janairun 2016 har ƙanƙara ta sauka a birnin. Gidajen can kuma ba su da bututun ɗumama ɗaki irin na Beijing. Shi ya sa sai mutum ya tuna gida, ya ɗauko kurfoti ko murhun gas daga kicin ya kai ɗakin kwana, ya rufe taga.

A zango kaskon wuta yana da sauƙin haɗari domin iska na shiga ta ƙofa da ƙarƙashin kwano. Ɗakin bene kuwa rufe yake ruf. Gawayi idan ya rasa iska yana fitar da guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kama jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai barci. Mai barci kuma ba ya jin komai.

Akwai masu dabara, su ce ai ga bututun hayaƙi a kicin, a ja ƙarfe a haɗa. Wannan bututu na bene duka ne, an gina shi don tururin girki. Hayaƙin da ka tura ciki yana iya ɓullowa a kicin ɗin maƙwabcinka na sama, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Haƙƙinsa na wuyanka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina, Manzon Allah (SAW) ya umarci a riƙa kashe wuta kafin barci.

Idan kun yi waya da su, ku ce murhu ya tsaya a kicin, taga a buɗe. A sayi hita ta lantarki da na'urar ƙararrawa mai jin wannan guba. Wanda aka tarar ya galabaita, a buɗe tagogi, a fitar da shi waje, a kira motar asibiti a lamba 120.