Kafin Ku Kira Mai Aikin Wuta

Jawabin da wani dattijo, tsohon mai aikin lantarki, ya yi wa jama'a bayan an tashi sujada

Na gode da kuka zauna, ga rana ga yunwa. Ba zan daɗe ba.

Bara da damina aka kira ni wani gida, amma bayan ɓarna ta riga ta faru. Wutar gidan tana ta yankewa, sai maigidan ya kira wani yaro mai gyaran rediyo. Yaron ya buɗe fis, ya ga siririyar wayar ciki ta ƙone, sai ya naɗa mai kauri a madadinta. Wuta ta daina yankewa, maigida ya biya shi da murna. Bayan 'yan kwanaki, cikin dare, silin ya kama. Allah ya kiyaye rai, amma buhunan masara da takardun makarantar yara duk sun tafi.

'Yan'uwa, fis ba ya ƙonewa a banza. An yi shi ne domin ya ƙone kafin gida ya ƙone. In ya yanke sau biyu a jere, ko bireka tana ta faɗuwa, to, ko kaya sun yi wa waya yawa, ko wayoyi sun haɗu a wani wuri. Wanda ya san aiki zai nemi dalilin. Wanda bai sani ba, bakin fis ɗin kawai zai rufe.

To, yaya za ku gane mai aiki na gaske? Ku tambaye shi wurin wa ya koya, shekara nawa. Ku tambaye shi takarda. Akwai ta gwajin sana'a da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke bayarwa, aji uku, aji biyu, aji ɗaya. Akwai kuma hukumar NEMSA da aka kafa da doka a 2015, tana ba masu wayarin shaida. Na san a ƙauye ba kowa ke da su ba. In babu, ya nuna muku gida biyu da ya yi, ku je ku tambayi masu gidan. Kada kunya ta hana ku don ɗan ɗan'uwa ne, ko don tare kuke rera waƙa a ƙungiya. Murya daban, wayarin daban.

Ya rubuta muku kayan da za a saya, ku je kasuwa tare. A nan ake yawan cutar mutane, domin waya tana shiga bango, ba mai ƙara ganinta. Ta fitila mai lamba 1.5 ce, ta soket 2.5. Wanda ya ja 1.5 zuwa soket don a rage kuɗi, ya binne muku garwashi a bango. Ku kuma kankare bakin wayar da wuƙa. In ja ce har ciki, jan ƙarfe ne. In ta yi fari, alminiyom ne aka shafa wa ja, ku ajiye ta. Araha ba ta ado. Kuɗin aiki kuwa, ku ba da kafin alƙalami, sauran sai an gwada kowane soket a gabanku.

Wata uwa ta tambaye ni me ya sa firij ɗinta ke jan ta in ta taɓa shi ba takalmi. Amsar ita ce wayar ƙasa. Waya uku ke zuwa soket: mai wuta, ja ko ruwan ƙasa, mai komawa, baƙa ko shuɗiya, sai ta ukun, koriya ko koriya da rawaya, wadda ake haɗawa da sandar ƙarfe a kafa ta cikin ƙasa. Aikinta shi ne ta kwashe wutar da ta ɓalle, kada ta bi ta jikin mutum. Masu aiki da yawa suna tsallake ta, don ko babu ita fitila za ta kama. Ku ce ya nuna muku inda ya kafa sandar. Wutarmu bolt 230 ce, ta isa ta tsayar da zuciya, musamman in ƙafa tana kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Soket mai zafi ko mai warin roba, ku daina amfani da shi nan take. Soket ɗaya amp 13 yake ɗauka, wato kusan wat 3,000. Dutsen guga kaɗai yana cin wajen 1,000, ga hita, ga firij, duk a kan doguwar waya guda ta kasuwa.

Sai janareta. Kada a taɓa haɗa shi da wayar gida ba tare da canjoba ba, wato makunnin da ke raba gida da layi. In babu shi, wutar janaretanku tana komawa kan fal, ta kashe ma'aikacin da ya hau yana zaton layi a mace yake. Kuma kada ya kwana a ɗaki ko a baranda kusa da taga don tsoron ɓarayi. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, mutane suna barci su wuce.

Fal da mita ba na mai aikinku ba ne. Har yau muna cewa NEPA, amma sunan ya koma PHCN tun 2005, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11. Matsalar fal, ku kai wa ofishinsu. Wanda ya ce zai zagaye muku mita, laifi ne a doka, kuma gidanku za a zo.

In wuta ta kama mutum, kada ku riƙe shi da hannu. Ku kashe babban makunni. In ya yi nisa, ku ture shi da busasshen itace, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke. In gobara ce ta waya, a kashe makunni tukuna, a zuba yashi, ban da ruwa. Yau in kun koma gida, ku nuna wa kowa inda makunnin yake, har da yara da suka yi wayo.