Gidan Haya: A Yi Lissafi Kafin a Sayi Bulo

Duk wanda kuɗi suka ɗan zauna masa a Kano, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya gina gidan haya, wai ƙasa ba ta ruɓewa. Haka ne, amma a ɗauko alƙalami tukuna.

A ce gidan ya ci naira miliyan 20, hayarsa miliyan 1 a shekara. Shekara 20 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo, kuma ba a cire la'adar dillali ba, balle gyaran rufi bayan damina, kwashe masai, da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Wane ɗan haya zai yarda a ƙara masa haka? Ribar gaskiya, a ganina, tana cikin tashin darajar filin ne.

Sai takarda. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filaye suna hannun gwamna. Takardar mai unguwa kaɗai ba ta isa ba, a je ma'aikatar ƙasa a bincika kafin a biya ko sisi.