Albashi da Albasa: Daga Ina Aikin Yi Ya Fito Bayan Karayar Arziki?



Muhawara kan yadda za a ta da komaɗar tattalin arziki ba baƙuwa ba ce a ƙasar Adar. An yi ta da zafi a shekarun 1990, kuma ta cancanci a waiwaye ta, domin ɓangarorin da suka ja daga a lokacin kowanne ya faɗi gaskiya, kowanne kuma ya tsallake wata.

A ƙarshen shekarun 1970 kuɗin ƙarfen yuraniyom ya cika baitulmali. Aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, gwamnati ta zama uwar ɗaukar aiki, duk yaron da ya fito lakkwal da takarda ya san akwai kujerar da ke jiransa. Da shigowar shekarun 1980 farashin ya karye, farin 1984 ya biyo baya, bashi ya yi katutu. Asusun FMI da Bankin Duniya suka zo da sharuɗɗansu: a tsuke bakin aljihu, a rage ɗaukar ma'aikata, a sayar da kamfanonin gwamnati ko a rufe su. Bankin BDRN, madogarar manyan ƴan kasuwa, ya durƙushe a 1990. Ranar 9 ga Fabrairu na wannan shekara aka harbe ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai. Babban Taron Ƙasa na 1991 ya yi fatali da tsarin masu ba da lamuni, su kuma suka ɗaure jakarsu, albashi ya shiga makara wata da watanni.

Ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta tsaya a kan cewa albashi haƙƙi ne, kuma ƙasar da ba ta biyan malami da likita ba ta da wata hanyar ci gaba. Gwamnatin Mahamane Ousmane, wadda ɗan wannan jiha Mahamadou Issoufou ya yi wa faraminista daga 1993 zuwa 1994, ta ce abin da ke shiga baitulmali bai isa ya ɗauki nauyin ba, ta zaftare albashi. Yajin aiki ya bi yajin aiki. Ana cikin haka, ranar 12 ga Janairu 1994, aka karya darajar sefa: faran guda na Faransa da ake saye dala goma ya koma dala ashirin.

Ma'aikaci ya kwana da albashinsa, ya tashi da rabin ƙarfinsa a gaban mai magani da mai kayan mota. Mai kanti ma bai tsira ba, ko da yake wasu na ganin rikicin albashi bai shafe shi ba. Littafin bashinsa cike yake da sunayen malaman makaranta da ma'aikatan asibiti; in ba a biya su ba, shi ma ba ya biyan wanda ya ba shi kaya. A nan ƴan ƙwadago suka fi masu ba da lamuni sanin kasuwar Tawa.

Sai dai akwai abin da teburin shawara na Yamai bai hango ba. Karyewar sefa ta sa naman da ake kawowa daga Turai ya yi tsada a biranen gaɓar teku, shanu da tumakin Abalak da Cintabaradan suka sami kasuwa, kayan Nijar kuma suka yi araha ga mai riƙe da naira. Albasar Galmi, da ta Madawa da Tamaske, ta ci gaba da cika motoci zuwa Abijan da Akara. Buhu guda yana ciyar da mai rijiya, da mai dashe, da mai ɗinkin baki, da ɗan dako, da dillali, da direba da yaronsa, ba tare da ko ɗayansu ya shiga rajistar ma'aikata ba. Ga kuma ƴan bida, waɗanda kuɗin da suke aikowa ya riƙe gidaje da yawa a arewacin Adar. Aikin raya karkara na Kaita, da aka soma a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, ya nuna wata hanyar: aka jera duwatsu a kan faƙo, aka dasa itatuwa, ana biyan ladan aiki da abinci, galibin masu aikin kuwa mata ne, domin mazan suna bida. Ƙasar da aka yanke wa ƙauna ta sake ba da hatsi.

Bayan juyin mulkin Janairu 1996 gwamnati ta koma ga FMI, bashin albashi kuwa ya daɗe yana bin ta. Manomin albasa bai shiga lissafin kowa ba.

Tun 2024 ɗanyen man Agadem ke bin bututu zuwa tekun Benin, kuma akwai masu kallonsa yadda iyayensu suka kalli yuraniyom. Rijiyar mai tana kawo haraji, amma hannuwan da take ɗauka kaɗan ne. Rufe iyakar Benin a 2023 ya tuna wa kowa cewa albasa ba ta jiran sulhun shugabanni. In mota ta daɗe a hanya, ruɓewa take. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma manomin Adar ya san nasa: yana sayarwa lokacin cira, sa'ad da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, saboda mai bashi na bakin ƙofa, rudun da yake ajiya kuma ba ya hana asara. Wanda ya iya riƙe buhun har damina shi ke kwashe ribar. Rumbun ajiya mai iska, da lamunin da zai jira manomi wata huɗu, da rage shingayen da direba ke tsayawa tsakanin Ƙonni da bakin iyaka, ba su kai kuɗin bene guda a Yamai wahalar samu ba.